Ƙararrawar da rana ta riƙa ruɗawa: nazarin wata na'urar infirared da aka haɗa ba tare da maikurokwantirola ba

Buƙatar ba ta da yawa. Akwai kabad a ƙarshen wani siririn lungu cikin gida, inda ake ajiye magunguna da sinadaran wanke-wanke, akwai kuma yaro da ya fara tafiya, hannunsa ya soma kaiwa ga mariƙin ƙofa. Kabad ɗin yana da makulli, amma manya sukan buɗe su manta. Ana son wani abu da zai yi ƙara idan mutum ya tsaya dab da ƙofar, kamar tazarar rabin mita, ya kuma yi shiru idan wucewa kawai aka yi ta ɗaya bakin lungun. Wanda ya ɗauki aikin matashi ne mai koyon haɗa kayan lantarki. Ya iya riƙe ƙarfen soda, ya iya karanta mita, amma bai taɓa rubuta ko layi ɗaya na manhaja ba, don haka ya kafa wa kansa sharaɗi: ba Arduino, ba wani maikurokwantirola, wato ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa manhaja ta sarrafa na'ura.

Tun farko ya kawar da na'urar PIR, wadda ake sa wa fitilun tsaro, kuma ya yi daidai. PIR ba ta fitar da haske, zafin jikin mutum take ji, wanda tsawon igiyarsa yake wajen maikuromita 10, kuma motsi take lura da shi a fili mai faɗi. Duk wanda ya gifta ta nesa sai ta tashi. Hanyar tsinka haske, wato a sa fitila a bango ɗaya a sa ido a ɗaya bangon, ta fi kowace aminci, sai dai tana buƙatar waya ta ƙetare lungun, ba a kuma so haka ba. Saura hanya guda: a haska infirared, hasken da ido ba ya gani, a jira ya daki jikin mutum ya dawo.

Da'irar farko

Abin da ya fara haɗawa shi ne wanda kusan kowa yake farawa da shi. Ƙwan LED na infirared mai tsawon igiya 940 nm, a kunne kullum ta cikin rasista (abin rage gudun wuta) 220 Ω daga 5 V. Irin wannan ƙwai yakan ci kusan 1.3 V, saboda haka wutar da ke ratsa shi ta kama wajen 17 mA. A gefensa fotodayod, wato idon da ke barin wuta ta wuce gwargwadon hasken da ya same shi, an juya ƙafafunta sun saɓa wa hanyar wuta, da rasista 100 kΩ zuwa ƙasa. Idan haske ya ƙaru, ƙarfin wuta a mahaɗarsu ya hau. Aisi LM393, ƙaramin guntun lantarki mai kwatanta ƙarfin wuta biyu, yana gwada wannan da wani ma'auni da aka saita da rasista mai juyawa. Idan ya zarce, tiransista ta kunna buza, abin da ke yin ƙarar.

A kan teburi da dare abin ya yi kyau ƙwarai. Ka kawo tafin hannu, ta yi kuka. Ka janye, ta yi shiru. Matsala ɗaya ta ɓullo a lokacin, ita ce idan hannu yana daidai bakin iyaka buzar takan yi ta kakari, tana kamawa tana saki. Ya magance wannan da rasista 1 MΩ daga fitar LM393 zuwa ƙafarsa mai alamar ƙari, ta yadda wurin kamawa da wurin saki suka ɗan bambanta. Ya kuma tuna da rasistar 10 kΩ mai jan fitar zuwa sama, domin LM393 ƙasa kawai yake iya ja, ba ya tura wuta da kansa. Masu koyo da yawa a nan suke tuntuɓe.

Da aka kafa ta a kabad sai labari ya sha bamban. Da safe lafiya lau. Da la'asar ta yi, rana ta leƙo ta wata taga ta sauka a kan daɓen lungun, sai ƙararrawa ta kama kuka ba kowa a wurin. Ya juya ma'aunin ya rage mata ji har ta yi shiru. Dare ya yi, ya tsaya a gabanta, ko uffan, sai da ya kusa taɓa ta. Ya mayar da ma'aunin, washegari da la'asar ta sake tashi. A nan ne maganar ta zo gare ni, kuma tambayarsa ita ce wane wuri ne daidai da zai bar abin juyawar.

Babu irin wannan wuri. Mita ce ta nuna haka, ba gardama ba. Da dare, jikin mutum a rabin mita yana motsa ƙarfin wutar mahaɗar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da la'asar, ba kowa a wurin, ƙarfin ya hau har ya kusa 5 V. Lissafin a fili yake: da rasista 100 kΩ, maikuro'amfiya 50 kacal ake buƙata fotodayod ta ƙure, kuma daɓen da rana ta haska yana iya ba ta wannan. Da tsakar rana hasken rana yana zuba kusan wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, kusan rabinsa kuma infirared ne, wanda William Herschel ya gano tun 1800 da ya sa ma'aunin zafi a bayan jan launi na hasken da gilashi ya rarraba. Ƙaramin ƙwai mai 17 mA ba shi da ta cewa a gaban wannan. Ko fitila mai zare, wadda mafi yawan abin da take fitarwa infirared ne, ta isa ta ruɗa da'irar.

Wato da'irar ba ta lalace ba, tambayar da take yi ce ba daidai ba. Tana tambayar ko haske ya yi yawa, alhali abin da ake son sani shi ne ko haskenmu ne ya dawo. Wannan shi ne zuciyar lamarin, kuma duk abin da aka yi bayan nan daga nan ya taso.

Sa wa haske alama

Wanda yake neman ɗan'uwansa cikin taro mai hayaniya ba ya ƙoƙarin fin kowa ƙarfin murya, fito yake yi irin wanda suka saba, kunnen ɗan'uwan ya tsince shi. Haka ake yi wa haske. Maimakon ƙwan ya zauna a kunne, sai a sa shi ƙiftawa sau 38,000 a daƙiƙa, a kuma sa mai karɓa wanda ba ya kula da komai sai wannan ƙiftawar. Hasken rana a tsaye yake, sauyinsa a hankali ne. Fitilun gida suna rawa sau 100 ko 120 a daƙiƙa, gwargwadon wutar ƙasar. Duka sun yi nisa da 38 kHz, wato sau 38,000 ɗin nan a daƙiƙa.

An zaɓi wannan lamba ne saboda rimot ɗin talabijin. Domin su aka ƙera masu karɓa irin su TSOP1738 da TSOP38238 na kamfanin Vishay, ƙanana masu ƙafa uku, kuma a cikinsu an gama aikin da ya fi wuya: fotodayod, da mai ƙara ƙarfi, da matatar da ke barin 38 kHz ya wuce, da sashen da ke mayar da shi sigina mai tsabta. Baƙar robar da ta lulluɓe su ma matata ce, tana tare hasken da ido ke gani. Fitarsu a sama take zaune, idan suka ga siginar sai ta faɗi ƙasa. A lura da abu guda: jerin ƙafafun biyun ba ɗaya ba ne. A TSOP1738 ƙasa ce farko, sai wuta, sai fita. A TSOP38238 fita ce farko, sai ƙasa, sai wuta. Ana ƙona su da yawa ta wannan hanya.

Ƙiftawar kuwa aikin 555 ne, aisin nan da Hans Camenzind ya tsara a 1971, kamfanin Signetics ya fito da shi kasuwa a 1972, har yau kuma ba a daina ƙera shi ba. Idan aka haɗa shi yana kaɗawa da kansa, saurinsa shi ne 1.44 a raba da abin da aka samu idan aka haɗa rasista ta farko da ninki biyu na ta biyu, aka ninka jimillar da kafasita, abin nan da ke tara wuta ya sake ta. Da 1 kΩ, da 18.5 kΩ, da 1 nF, an samu kusan 37.9 kHz. Ba a sa 18.5 kΩ a dunƙule ba. An sa 15 kΩ da mai juyawa 5 kΩ a jere, domin kafasita ba ta cika zama daidai da abin da aka rubuta a jikinta ba, kuma a wannan sauri 555 kansa yakan ɗan kauce wa lissafi. Kafasitar nan ta cancanci a zaɓe ta da kyau. Ta fim ko irin da ake kira C0G ita ce ba ta yawo da zafi da sanyi. Mita mai auna Hz ta isa a saita, ba sai da osiloskof ba.

Matashin ya haɗa, ya kunna, ya kawo hannu. Buza ta yi kuka na ɗan lokaci, sai ta ɗauke, hannun kuwa yana nan bai motsa ba. Ya ɗauka mai karɓar ne ya mutu, ya sauya wani, aka maimaita. Dalilin yana cikin takardar bayanin kamfani, wadda ba kasafai ake karantawa ba. Waɗannan masu karɓa suna daidaita jinsu da kansu. Rimot ba ya aika sigina miƙaƙƙiya, guntu-guntu yake aikawa da hutu a tsakani. Don haka duk 38 kHz da ya zo ba yankewa, sai su ɗauke shi a matsayin hayaniya, irin ta fitilun fulorasan masu balas na lantarki, su rage ji har su daina ganinsa. Dabarar da ke kare su daga fitilu ita ce ta kashe ƙararrawar.

Mafita biyu ce. Ko a nemi TSSP4038, wanda aka ƙera domin irin wannan aiki, jinsa a tsaye yake kuma yana karɓar sigina miƙaƙƙiya, ko a kwaikwayi rimot. Abin da ke hannu shi ne TSOP38238, sai aka bi ta biyu. An ƙara wani 555 mai tafiya a hankali, fitarsa ta shiga ƙafa ta 4 ta na farkon, ƙafar da ke tsayar da shi idan aka ja ta ƙasa. Ana son gajeren kunnawa da dogon hutu, wanda haɗin 555 na yau da kullum ba ya bayarwa, sai aka ɗora dayod 1N4148 a kan rasista ta biyu domin hanyar cika kafasita ta rabu da hanyar zubar da ita. Da 10 kΩ, da 100 kΩ, da 100 nF, kunnawar ta zama kusan milisakan 0.7, wato ƙiftawa 26 ko sama da haka kaɗan, hutun kuma kusan milisakan 7. Takardar tana neman aƙalla ƙiftawa 10 a kowane guntu, an wuce wannan da sarari. Daga nan mai karɓar bai sake yin barci ba.

Wannan sauyi ya zo da wata riba. Tunda ƙwan a kashe yake mafi yawan lokaci, ana iya tura masa wuta mai ƙarfi a ɗan lokacin da yake kunne. Ta tiransista 2N2222 da rasista 47 Ω yana samun wajen 75 mA a kowace ƙiftawa, amma matsakaicin abin da yake ci bai wuce 3 zuwa 4 mA ba. Don a tabbatar yana aiki, kyamarar waya ta wadatar. Da yawansu suna nuna shi kamar ɗan haske mai ruwan shunayya.

Inda aikin hannu ya fi lissafi

Yanzu sai matsalar ta juye. Ƙararrawa ta ƙi yin shiru ko da dare, ko an kawar da komai daga gabanta. Mai karɓar da aka yi domin ya ji rimot daga ƙarshen babban ɗaki, ga shi an ajiye masa ƙwai a tazarar yatsa biyu. LED ba ta gaba kawai yake fitar da haske ba, yana yoyo ta gefe da ta baya, hasken ya bi ta kan allon ya shiga idon. An sa wa ƙwan baƙar roba mai tsukewa da zafi tun daga gindinsa har ta zarce kansa da kusan santimita ɗaya, aka toshe bayan, aka kafa katanga tsakaninsa da mai karɓar. Ba kowace baƙar roba ke tare infirared ba, wata baƙa ce a ido kawai, don haka sai an gwada. Murfin roba mai sheƙi da ya so ya rufe fuskar akwatin da shi ma an fasa sa shi, domin cikinsa yana mayar da hasken kai tsaye. Huji biyu daban aka yi, kowane da bututunsa.

Akwai kuma yoyon da ba na haske ba. NE555, wato irin 555 ɗin da aka sa, yakan fizgi wuta mai yawa a duk lokacin da ya sauya hali, ƙwan ma yana fizga, kuma duka a 38 kHz, daidai saurin da mai karɓar yake saurare. Wannan yana bin layin wuta ya shiga. An sa kafasita 100 nF dab da ƙafafun wutar kowane aisi, da 100 µF a bakin shigowar wuta, sannan aka ware wa mai karɓar nasa layin ta rasista 100 Ω da kafasita 4.7 µF. Ina ganin waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke raba da'irar da ke aiki a takarda da wadda ke aiki a bango, kuma su ne aka fi tsallakewa.

Bayan haka sai daidaita nisa. An jera rasista mai juyawa 1 kΩ da ta 47 Ω ɗin, aka yi ta rage wutar ƙwan har bangon da ke fuskantar kabad ya daina tayar da ita, aka kuma karkata bututun sama kaɗan don kada ya kalli daɓe. A nan rage ƙarfi ake yi, ba ƙarawa ba.

Sashen ƙarshe shi ne na kuka. Fitar mai karɓar gajerun faɗuwa ce, kowace tsawonta milisakan 0.7 ne, ba za su riƙe buza ba. An sa 555 na uku a haɗin da yake tashi sau ɗaya ya jima: da 470 kΩ da 10 µF, lissafin 1.1 a ninka da su ya ba da daƙiƙa 5 da ɗan ɗori. Ƙafarsa ta 2 tana tashinsa idan ta sauka ƙasa da sulusin wutar, don haka ana iya haɗa ta da mai karɓar kai tsaye. Amma haka yana nufin ƙyaftawa ɗaya ta hayaniya ta isa ta tashi gida da tsakar dare. Sai aka sa kafasita 1 µF a ƙafar, rasista 470 kΩ tana cika ta daga sama, dayod da rasista 4.7 kΩ suna rage ta duk lokacin da mai karɓar ya faɗi. Guntu ɗaya ba ya rage abin kirki. Sai sun zo a jere, fiye da goma, cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kafin ta sauka ƙasa da sulusi. Abin da mai manhaja zai rubuta a matsayin ƙirga, a nan kafasita ce take yinsa. Idan mutum ya ci gaba da tsayawa, ƙafar tana nan ƙasa, kukan ba zai tsaya ba. Buzar mai kaɗawa da kanta ce, ba faifan fizo zalla ba, wanda in aka ba shi wuta miƙaƙƙiya ƙas ɗaya zai yi ya yi shiru.

Da wannan tsari la'asar ta zo ta wuce, rana ta kwanta a daɓe kamar kullum, ƙararrawa ba ta ce komai ba. Aka tsaya a gabanta a cikin wannan ranar, ta yi kuka. Nisan ya ɗan ragu idan aka kwatanta da dare, domin haske mai yawa yana sa mai karɓar rage ji. Da a ce ranar tana dukan idon kai tsaye da ya makance gaba ɗaya. Bututun da ke gabansa shi ya hana haka.

Abin da na'urar ba ta iya ba

Dole a faɗi wannan a fili, tunda maganar yaro ce. Na'urar ba ta auna nisa, yawan hasken da ya dawo take aunawa. Babban mutum cikin farar riga yana tayar da ita daga nesa, ƙaramin yaro cikin tufa mai shanye haske sai ya matso sosai. Girman abu ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Hasken yana raguwa a tafiya, ya sake raguwa a dawowa, ta yadda ƙaramin abu idan nisansa ya ninka, abin da ke dawowa yana iya raguwa kusan sau 16, alhali na faffaɗan bango kusan sau 4 ne. Ido kuma ba alƙali ba ne a nan: wani baƙin yadi yana mayar da infirared sosai, wani yana shanye shi. Saboda haka an yi saitin ƙarshe da mafi munin hali, wato ƙaramin matashin kai da aka lulluɓe da tufar da ta fi shanye haske, a tsayin yaro, ba da tafin hannun babba ba. An kuma saukar da akwatin zuwa daidai ƙirjin yaro.

Rimot har yanzu yana tayar da ita idan aka nuna shi wajen lungun. Da yawansu suna buɗe saƙo da guntu mai tsawon milisakan 9, wanda shi kaɗai ya isa ya zubar da kafasitar. A wannan gida talabijin yana wani ɗaki, sai aka bar abin haka. Batun wuta ma akwai shi: NE555 guda uku suna cin kusan 10 mA ko ba a yi komai ba, don haka ƙaramin batir ba zai daɗe ba. An yi amfani da cajar 5 V. Wanda yake son batir sai ya koma TLC555, mai cin wuta kaɗan. Idan kuwa wutar ta ɗauke, na'urar shiru take yi, shirun nan kuma ba shi da bambanci da na lafiya, shi ya sa aka ƙara ƙaramin koren LED mai nuna tana raye. Makullin kabad yana nan a matsayinsa, ba a cire shi ba.

Da buƙatar ta kasance nisa tsayayye ko da wace irin tufa, da na ba da shawarar GP2Y0A21 na kamfanin Sharp, wanda yake auna santimita 10 zuwa 80 ta kusurwar da hasken ya dawo, ba ta yawansa ba. Fitarsa ƙarfin wuta ce, LM393 ɗin nan na farko ya isa ya karanta ta, har yanzu ba maikurokwantirola. Ga kabad ɗin nan dai an ga tsarin 555 ya wadatar. An tashe shi daga allon gwaji aka yi masa soda a allo na dindindin, aka sake saita 38 kHz ɗin domin sauyin allo yakan ɗan motsa shi, sannan aka ɗiga wa masu juyawar biyu man farce don kada su goce.